WA YA KOYA WA DIREBANKA SHIGA SHATALETALE?



Wanda ya iya karatu a cikinku ya karanta wa wanda bai iya ba, a dandali, ko a ƙofar gidan mai unguwa, ko a gindin bishiyar tasha. In akwai direba kusa a kira shi ya zauna, domin maganar ta shafe shi, kuma ba zaginsa muka zo yi ba.

Zaɓe ya ƙarato. Masu neman ƙuri'arku za su zo da maganar taki da rijiya da makaranta da asibiti, kuma duk abin nema ne. Amma akwai wata magana da ba ka jin kowa ya tayar da ita a wurin taro, alhali kuwa kullum tana cin 'yan'uwanmu. Ita ce maganar mutumin da ke riƙe da sitiyari. Wa ya koya masa? Me aka koya masa? Yaushe rabon da wani ya sake zaunar da shi ya tuna masa?

Kai da ba ka da mota, kada ka ce ba ruwanka. Kai ne a bayan a-kori-kura ranar kasuwa, zaune bisa buhunan masara. Matarka ce kwance a motar haya in haihuwa ta zo da gardama aka nufi asibitin birni. Ɗanka ne ya tafi cin rani aka damƙa masa babur ko A Daidaita Sahu, aka ce kullum da yamma ya kawo balas. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta ƙidaya mutum sama da 5,000 da suka mutu a hanyoyin Nijeriya a 2023, ta sake ƙidaya sama da 5,000 a 2024. Waɗanda aka rubuta ke nan. Ku kun san wanda mota ta kaɗe a hanyar ƙauye aka yi masa sutura kafin la'asar, ba wanda ya zo da biro da takarda.

ABIN DA IDO KE GANI

Duk wanda ya taɓa shiga Kano ko Kaduna ko Zariya ko Katsina ko Sakkwato ya san shataletale, wanda direbobi ke kira randabawul. Tsaya a gefensa minti goma kawai, da safe ko bayan la'asar, ka ga abin da ke faruwa. Mai bas ya shigo a guje bai ko waiga ba, yana danna ham, watau kowa ya kauce. Wanda ke ciki, mai hanya, shi ne ya taka birki don tsoro, na baya ya dake shi. Mai A Daidaita Sahu ya tsaya a tsakiyar kwana yana sauke fasinja yana neman canji. Mai babur ya ga zagayen ya yi masa nisa, ya yanke ta hagu ya tari motoci gaba da gaba. Wani ya wuce hanyar da zai fita, sai ya sa ribas. Wani ya kutsa tsakanin tirela da gefen titi, bai san in tirela ta karya kwana tayoyinta na baya ciki suke shigowa ba. Kafin ka ce kwabo wuri ya cushe, ba gaba ba baya. Tumatirin Kadawa yana narkewa a kwando, shanun da aka ɗauko daga Maigatari suna galabaita a rana, mai naƙuda tana cije leɓe.

Daga nan sai zage-zage. Kowa ya leƙo ta taga yana rantsuwa shi ke da gaskiya. Abin takaici, kowannensu har ransa ya yarda shi ke da ita, domin ba wanda ya taɓa gaya masa dokar wurin.

LAIFIN BA NA SHATALETALE BA NE

Wasu suna cewa shataletale mugun abu ne, a rushe shi. Ba haka ba ne. Masu ilmin hanya sun lissafa: inda hanya biyu suka gicciye juna akwai wuri 32 da mota za ta iya karo da mota. In aka mai da wurin shataletale mai layi ɗaya, sai su koma 8. Kwanar tana tilasta wa direba ya rage gudu, kowa ya nufi gefe guda, ba gaba da gaba, ba mai sukar wani a haƙarƙari. Ba ya neman wutar lantarki, ba ya neman mai ba da hannu ya wuni a rana. A ƙasar da ake ɗauke wuta yadda muka sani, wannan ba ƙaramin amfani ba ne.

Amma fa duk amfanin nan a kan doka ɗaya ya rataya: mai shigowa ya jira wanda ke ciki. Turawan Ingila su ma sun sha cunkoso a shataletalensu, sai a 1966 suka kafa wannan doka a ƙasarsu duka, sannan abin ya yi musu aiki. In mai shigowa ya jira, na ciki suna ta fita, wuri yana buɗewa. In mai shigowa ya kutsa, na ciki ya tsaya, na bayansa ya toshe wata ƙofar, har da'irar ta ƙulle kanta.

Ga dokar wurin. Mai karatu, ɗaga murya.

Na ɗaya, rage gudu tun daga nesa.

Na biyu, dubi hagunka. Wanda ke ciki ta hagunka zai ɓullo, kuma shi ke da hanya, ko da keke yake tuƙawa kai kana tirela.

Na uku, shiga ta dama, tsibirin tsakiya yana hagunka, ko da ƙarfe biyun dare ne ba kowa a titi.

Na huɗu, zaɓi layinka tun kafin ka iso. Mai fita a hanyar farko ya riƙe dama. Mai zagayawa zuwa hagu, ko mai komawa inda ya fito, ya riƙe layin ciki.

Na biyar, da ka wuce hanyar da ke kafin taka, kunna sigina ta dama, dubi madubi, sannan ka fita.

Na shida, ba tsayawa a ciki, ba lodi, ba sauke fasinja, ba obatekin, ba ribas. In ka wuce hanyarka sake zagayowa, ba a biyan kuɗin zagaye.

Na bakwai, kada ka jera da doguwar mota a cikin kwana. Kai kuma mai babbar mota da lodi har sama, ka sani gudu a kwana shi ke kifar da ita.

Minti nawa karatun nan ya ci? Bai kai biyar ba. To, jama'a, abin da bai kai minti biyar ba shi ne gwamnati bayan gwamnati ta kasa kai wa kunnen direba.

YADDA AKE ZAMA DIREBA

Mun san yadda ake yi. Yaro ya fara da karen mota. Ya wanke mota, ya ɗaure kaya, ya dira ya tare taya in an tsaya a gangara. Bayan shekara maigida ya bar shi ya matsar da ita a cikin tasha. Wata rana da dare barci ya kama maigida a hanya, ya ce zo ka riƙe. Shi ke nan an yi direba.

Ba mu raina wannan makaranta ba. Ta fitar da gwanaye masu jin ciwon inji da kunne, masu tayar da mota a daji da waya da filaya. Amma maigida ba ya koyar da abin da shi ma ba a koya masa ba. In shi ya gaji cewa mai babbar mota shi ke da hanya, haka yaronsa zai gada, haka yaron yaronsa.

Shi ya sa doka ta ce mai neman lasin na farko ya kai shekara 18, ya je makarantar koyon tuƙi wadda hukuma ta amince da ita, jami'in V.I.O. ya jarraba shi, sannan a ba shi. Hukuma uku ke da hannu a lasin: ofishin haraji na Jiha mai karɓar kuɗi, da V.I.O. mai jarrabawa, da Hukumar Kiyaye Haɗurra mai buga katin. A takarda abin ya yi kyau. To, je tashar garinku ka tambayi direbobi goma a asirce, nawa ne cikinsu aka zauna kusa da su a mota aka ce shiga shataletalen can mu gani. Za su gaya maka hanyar da aka saba: ka ba wani mai tsaye a ƙofar ofis kuɗi, ka je a ɗauki hotonka da yatsunka, ka koma gida ka jira kati. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya sayi lasin yana da laifi, amma wanda ya sayar ya fi shi, domin shi ake biya albashi don ya tsare mana rai.

Har wanda ya ci jarrabawarsa da gaskiya, shin daga ranar ya gama sani? Lasin na shekara 3 ne ko 5. In ya ƙare ka biya a sabunta, ba mai tambayarka ko ka tuna alamar hanya guda. Mutum ya sami lasin yana saurayi, tun hanyar garinsu tana burji. Yau ga tagwayen hanyoyi, ga gadar sama, ga gadar ƙasa, ga fitilun ba da hannu, ga shataletale mai layi uku, shi kuma ga furfura, ido ya rage gani. Hanya ta sake, ba wanda ya gaya masa. A watan Janairu 2013 aka hana acaɓa a birnin Kano, dubban samari suka sauka daga babur suka hau A Daidaita Sahu. Nawa ne cikinsu aka zaunar aka nuna wa bambancin mai ƙafa biyu da mai ƙafa uku a kwana?

MUN TAƁA YI, DATTAWA SHAIDA NE

Dattawan da ke wurin nan sun tuna canjin hannu. Ran 2 ga Afrilu 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, Nijeriya duka ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma hannun dama, muka daidaita da maƙwabtanmu, Nijar da Cadi da Kamaru da Dahomey ta wancan lokaci. Direban da ya shekara ashirin yana tuƙi ya koma ɗan koyo a dare ɗaya. Shataletale kansa ya juya: jiya tsibiri yana damanka, yau yana hagunka. Gwamnati ba ta ce direbobi jahilai ne ba za su gane ba. Ta yi ta shela tun kafin ranar, a rediyo, a jaridu, a alluna bakin hanya, har maganar ta shiga kowane gida. A lokacin masu karatun boko ba su kai na yau ba, ba wayar hannu, talabijin sai a 'yan gidaje a birni. Bayan wata tara, ran 1 ga Janairu 1973, aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, nan ma aka koya wa kowa har tsohuwa mai sayar da daddawa. Gana ma ta yi nata canjin hannun a 1974.

To, ƙasar da ta koya wa direbobinta duka sabon hannu a 1972, ita ce yau za a ce ta kasa koya musu su dubi hagu? Haba jama'a! Ba iyawa aka rasa ba, niyya aka rasa.

SIMINTI BA YA KOYAR DA TUƘI

Me masu mulki suke yi in shataletale ya cushe? Su kira ɗan kwangila. A Kano an yi gadoji a Ƙofar Nasarawa da Dangi da Hotoro. A Kaduna an yi a Kawo, a Katsina a Ƙofar Ƙaura, a Maiduguri a Kwastam. Kuɗi ne masu yawa, na biliyoyin naira. Ba mu ce kada a yi gada ba, inda motoci suka fi ƙarfin wuri gada tana da amfani. Amma direban da ya hau gadar zai sauko, kuma shataletale na gaba yana jiransa da jahilcin da ya hau da shi. Ku kuma a ƙauye wa zai yi muku gadar sama a mararrabar garinku? Abin da zai tsare ɗanku a bakin hanya ranar kasuwa shi ne abin da ke cikin kan direba.

Ku tambayi kanku me ya sa gada ta fi karatu farin jini a wurinsu. Gada ana ganinta, ana taron buɗe ta da kiɗa, ana manna mata sunan wani. Gada tana da kwangila, kwangila kuwa kun san abin da ke biyo ta. Karatun direba ba shi da kashi goma cikin ɗari.

TARA BA KARATU BA CE

Abu na biyu da suka iya shi ne kame. Tun 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra. Jihohi sun kafa nasu, irin su KAROTA a Kano. Ga 'yan sanda, ga V.I.O. Masu kama direba sun yi yawa, masu koya masa fa? A kama shi, a ci shi tara, ya biya, ya tafi da jahilcinsa yadda ya zo. Darasi ɗaya ya ɗauka: in ya hango kaki ya taka totur. Sau nawa wannan gudun ya ƙare a kan mai tallar gyaɗa?

Gaskiya ne, ƙarshen kowace shekara jami'an hukumar suna zagaya manyan tashoshi suna jan kunne, kuma mun yaba. Amma jawabin yini ɗaya a ƙarƙashin rumfa ba makaranta ba ne. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai, direban babbar mota ko bas na haya tilas ya koma aji awa 35 cikin kowace shekara 5, ko da ya tsufa a kan sitiyari. Ba don sun raina shi ba ne, don sun san yawan rayukan da ke hannunsa. Mu ma muna da inda za a horar da malaman. Cibiyar Fasahar Sufuri tana nan a Zariya tun 1986.

UZURIN DA ZA SU KAWO MUKU

Za su ce direbobi ba su iya karatu ba. Malamin gona da allo yake koya muku sa taki? A gona yake nunawa. A zana shataletale a ƙasa da toka, a yi motoci da gwangwani, a yi bayani da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci, a ga direban da ba zai gane ba.

Za su ce direba ba shi da lokaci. Direban haya yana yin awa da awa a tasha yana jiran layi ya zo kansa. Lokacin yana nan, malamin ne babu.

Za su ce ba kuɗi. A watan Yuni 2025 aka ƙara kuɗin lasin mota, na shekara 3 ya koma naira 15,000, na shekara 5 naira 21,000. Ga kuɗin lamba, ga tikitin tasha na kullum, ga tara. Kowa ya ci ladan kuturu tilas ya yi masa aski.

Za su ce haɗari ƙaddara ce. Mun yarda ba mai wuce ranarsa. Amma ba mu taɓa ganin manomin da ya ƙi yin noma ya ce in da rabo hatsi zai fito ba. Wanda ya sayar da lasin ga wanda bai iya ba, kada ya ɓuya a bayan ƙaddara.

ABIN DA MUKA TSAYA A KAI

1. Ba lasin sai da jarrabawa ta gaskiya a kan titi, har da shiga shataletale da fita. Wanda bai iya karatu ba a yi masa tambayoyi da baki, da harshensa.

2. Duk mai sabunta lasin ya zauna aji na yini ɗaya, a duba idonsa. Direban haya da na babbar mota ya zauna kowace shekara. Kyauta, daga kuɗin lasin da ya riga ya biya.

3. Babbar tashar kowace Ƙaramar Hukuma ta sami rumfar karatu mako-mako. A ɗauki tsofaffin direbobi masu mutunci a horar da su, a biya su, su koyar tare da ƙungiyoyin direbobi. Direba ya fi jin maganar wanda ya san zafin hanya.

4. Masu babur da masu A Daidaita Sahu su shiga ciki, domin su ne suka fi yawa, kuma su ne 'ya'yanku.

5. Laifin farko a shataletale, a tura mutum aji. In ya sake bayan an koya masa, sannan tara ta hau kansa.

6. Kowane shataletale ya sami allo da fenti a ƙasa mai nuna inda ake jira. Kada a buɗe sabuwar hanya ko gada sai an yi bayaninta a rediyo.

7. Ma'aikacin da aka kama yana sayar da lasin a kore shi, a kai shi kotu.

A yi hattara da abu guda. Kada takardar shaidar ajin ta zama sabuwar hajar sayarwa, ko sabon dalilin tare direba a hanya a ce ya kawo na goro. A ofishin sabunta lasin kaɗai za a neme ta. In ba haka ba, mun ƙara wa talaka kaya ne, ba mu sauke masa ba.

WA ZA KU RIƘE?

Kada ɗan takara ya ce muku ba aikinsa ba ne. V.I.O. da ofishin haraji suna hannun Gwamna da Majalisar Jiha. Tsarin mulki ya ba Ƙaramar Hukuma kula da tashoshin mota, Majalisar Jiha kuma ke yi mata doka. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Gwamnatin Tarayya ce, Sanata da ɗan Majalisar Wakilai su ke amincewa da kuɗinta. Duk wanda hotonsa ke manne a bangon garinku yana da hannu a ciki.

In ya zo da jerin motocinsa da jiniya, kada ku tsaya tafi kawai. Dattijo ɗaya ya miƙe ya tambaye shi: Ranka ya daɗe, nawa za ka sa a kasafi don koyar da direbobi? Yaushe za a fara a tasharmu? Mai sayar da lasin me za ka yi masa? In ya amsa da lissafi da rana, ku riƙe maganar, ku sa malamin makaranta ya rubuta. In ya yi dariya ya ce wannan ƙaramar magana ce, to kun gane shi. Shi da jiniya yake wuce shataletale, ba ya jiran kowa.

Ku kuma 'yan'uwa direbobi, komawa aji ba ƙasƙanci ba ne. Matambayi ba ya ɓata. Ku ne na farko da sitiyari ke dokewa a ƙirji, ku ne ake tsarewa a ofishin 'yan sanda, 'ya'yanku ne ke zama marayu. Kada ku jira a tilasta muku, ku nema da bakinku. Tun gobe in kun iso shataletale ku rage gudu, ku dubi hagu, ku jira na ciki.

Jama'a, ku adana katinku, ku fito ranar zaɓe maza da mata. Kwalin taliya da atamfa ba sa dawo da wanda aka ɗauko daga bakin titi a cikin tabarma. Ku ba da ƙuri'arku ga wanda ya yarda a gabanku zai koyar da direba kafin ya kama shi.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai mu ranar lafiya.